Amsa ga mai tambaya kan tsofaffin zanen kafintanci na kyauta

Assalamu alaikum. Malam, ka ce kai ma'aikaci ne mai son koyon sarrafa katako a gida a ranakun hutu, ka ci karo da tsofaffin zanen kujeru da tebura na kyauta a intanet, kana kuma tambaya ko ya halatta ka yi aiki da su har ka sayar da abin da ka ƙera, ko awon da ke cikinsu zai dace da katakon kasuwarmu, da kuma kayan aikin da ya kamata ka fara saya. Ni ma ba sana'ata ba ce, sha'awa ce da na daɗe ina yi a ƙarƙashin rumfar gidana.

Maganar halacci ba ta da tsawo. Tsohon littafin da aka buga a Amurka, idan ya cika shekara 95 da bugawa, a dokar ƙasar haƙƙin mallakarsa ya faɗi, ya zama na kowa, don haka kana iya kwafar zanensa, ka sauya shi, ka ƙera, ka sayar. Irin waɗannan littattafai suna nan a shafukan intanet na Project Gutenberg da Internet Archive, kuma wanda na fi amfana da shi shi ne Mission Furniture: How to Make It, wanda masu mujallar Popular Mechanics suka fitar kashi uku tsakanin 1909 da 1912. Amma zanen da wani kafinta na wannan zamani ya sa a shafinsa kyauta yana nan a hannun mai shi, kuma wasu suna sharɗanta cewa kada a yi kasuwanci da shi, saboda haka a karanta sharaɗin tukuna. Masu tallar dubban zane a dunƙule kuwa, kada ka ba su ko sisi.

Inda aikin yake shi ne tambayarka ta biyu. Waɗanda suka zana waɗannan kayayyaki sun yi su ne domin farin itacen oak wanda ya bushe sarai, aka kuma goge shi da inji ya koma daidai kaurin da aka rubuta. Idan ka ga an sa S-2-S ko S-4-S a jerin katakon, ana nufin an goge fuska biyu ko huɗu, wato awon da ke gabanka na gamammen katako ne. Namu kuwa da kaushin zarto yake zuwa. Falankin da ake sayar maka a 'Yan Katako a matsayin inci 1 sau 12, sau da yawa bai cika ba tun kafin a taɓa shi, kuma idan aka goge shi, da ƙyar ya tsaya a kashi uku cikin huɗu na inci, alhali zanen yana iya neman kashi bakwai cikin takwas. Tubaitu, wato katako mai inci 2 sau 2, ma haka yake, ba zai ba ka ƙafar teburin da littafi ya nema ba sai ka haɗe biyu da gam ko ka sa a tsaga maka daga mai kauri. Shi ya sa nake cewa ka fara sayen katakon, ka busar, ka goge, ka auna abin da ya rage a hannunka, sannan ka sake zana abin da girmansa na gaskiya a kan fallen filawud ko takardar buhun siminti, kana gyara kowane awo ya bi kaurin katakonka. Abin da za ka riƙe daga tsohon zanen shi ne tsayi da faɗi da yanayin haɗi: mazaunin kujera wajen inci 17 zuwa 18 daga ƙasa, teburin cin abinci inci 29 zuwa 30. Kuma ka tsaya a kan inci tunda da shi ake ciniki a kasuwa, domin juya kowace lamba zuwa milimita hanya ce ta shigo da kuskure.

Game da itace, maɗaci ya fi dacewa da irin waɗannan kayayyaki masu miƙaƙƙun layuka, yana da ƙarfi da kyan launi, sai dai jijiyarsa takan sarƙe, ta yadda filen, wato abin goge katako, idan ba shi da kaifi yakan yage fuskarsa. Iroko yana jure gara da ruwa, amma ƙurarsa tana damun hanci da fata, don haka a rufe hanci. Ga mai koyo, malaina ta fi sauƙin yanka da arha. Obeche ba shi da nauyi, yana da daɗin aiki, amma ƙwaro yana son sa, kuma ba zan yi ƙafar kujera da shi ba.

Yawancin katakon nan daga dazukan kudu ake kawo shi, da ɗanyantakarsa. Ka jera shi a inuwa, sama da ƙasa, ka sa siraran sanduna tsakanin falanki da falanki, tazarar kamar ƙafa biyu, kowace sanda daidai kan ta ƙasa da ita, ka danne saman da bulo, ka shafe bakunan da ragowar fenti domin ta nan yake fara tsagewa. Rana ba ta busar da katako ba tare da ta murɗe shi ba. Idan ba ka da na'urar gwada danshi, yanki guntu ka ɗora a sikeli, ka rubuta nauyin a jikinsa da fensir, ka riƙa maimaitawa lokaci zuwa lokaci. Ranar da nauyin ya daina raguwa, katakon ya daidaita da iskar gidanka.

Ko bayan ya bushe ba ya daina motsi, kuma wannan ne tsofaffin zanen ba su cika bayyanawa ba, domin sun ɗauka mai karatu ya sani. Katako yana kumbura da damina, ya tsuke da hunturu, ta faɗinsa, tsawonsa kuwa kusan ba ya canzawa. Saman teburi mai faɗin inci 30 yana iya raguwa da kwatar inci ko fiye idan iskar hunturu ta kankama, kuma idan an ɗaure shi da gam da ƙusa a jikin firam, ba shi da mafita sai ya tsage. Ni abin da nake yi shi ne in tona siririn kwari a cikin firam ɗin, in yanka 'yan guntayen katako masu leɓe, leɓen ya shiga kwarin, gangar jikin kuma in ɗaure ta da sukuru ɗaya a ƙasan saman teburin. Saman yana riƙuwa da kyau, yana kuma samun wurin zamewa. Aljihun teburin da ka yi da hunturu ka bar masa ɗan sarari, in ba haka ba a watan Agusta sai an yi kokawa kafin ya buɗe.

Haɗin da za ka fi gani a zanen shi ne rami da harshe, wato a rage bakin katako ɗaya ya zama harshe, ya shiga ramin da aka tona a ɗayan. Kaurin harshen ya zama kashi ɗaya cikin uku na kaurin katakon, faɗin ramin kuma ya yi daidai da bakin kurfin da kake da shi, ko da littafi ya faɗi wani abu dabam. Idan ba ka da mamatsa masu tsawo, akwai tsohuwar dabara: ka huda gefen ramin, ka sa harshen ka yi alama, ka fitar da shi ka huda shi, amma ka matsar da hudar daga alamar zuwa wajen kafaɗarsa (gindin harshen) da kamar kashi ɗaya cikin goma sha shida na inci, sannan ka buga turken katako mai ɗan tsini. Turken zai jawo haɗin ya matse da kansa.

Abu ɗaya da ban yarda ka bi tsofaffin littattafai a kai ba shi ne shafe-shafe. Wasu suna ba da shawarar fenti mai dalma, wanda Amurka kanta ta hana amfani da shi a gidaje a 1978 saboda gubarsa, wasu kuma suna koya turara katako da ammoniya mai ƙarfi, wadda ke ƙona ido da huhu. Sanfefa mai kyau da banish na zamani sun wadatar.

Kayan aiki kuwa, zarto, filen, kurfi biyu ko uku, sukwaya ta gwada daidaiton kusurwa, tef, guduma da dutsen wasi sun isa farawa, tsagar manyan falankai kuma ka biya masu inji a kasuwa. Ka gwada sukwayar kafin ka biya: ja layi, juya ta, sake ja, idan layukan biyu ba su hau juna ba, ajiye ta. Ka fara da ƙaramin benci ko matakin ɗora ƙafa, domin yana da dukkan haɗin da teburi ke da shi a katakon da bai wuce falanki ɗaya da tubaitu ɗaya ba. Idan ka zaɓi zanen, turo jerin awonsa tare da kaurin katakon da ka samu, mu duba tare.