Amsa ga mai cewa waƙoƙinsa duk suna kama da na wasu

Ƙanena, na ga tambayarka, ka ce kana kaɗa gita kana rubuta waƙoƙin rok amma duk wadda ka gama in ka saurara sai ka ji kamar ta mawaƙan da kake so ce, sannan abokanka sun ce ku haɗa ƙungiya kai kuma kana ɗari-ɗari da nuna musu baitocinka, kar su raina ko su canza maka waƙa. Na daɗe a harkar nan, na kaɗa a ƙungiya, na yi rubutu, na kuma zauna da matasa irinka da yawa, to ga abin da na gani.

Kwaikwayon nan kar ya hana ka barci, ta nan kowa ya bi, yaro ma ai da kalmomin uwarsa yake fara magana. Beatles ɗin da ake ta ambato, shahararriyar ƙungiyar kiɗan nan ta Ingila, John Lennon da Paul McCartney sun haɗu a Liverpool a 1957, ɗaya yana da shekara 16 ɗaya 15, kuma daga 1960 zuwa 1962 sun yi ta zuwa Hamburg a Jamus suna kaɗa awanni kowane dare, mafi yawan abin da suke kaɗawa waƙoƙin Amurkawa ne irin su Chuck Berry da Little Richard. Ƙungiyar Rolling Stones ma faifansu na farko a 1964 kusan duk waƙoƙin wasu ne, manajansu ne ya matsa wa Mick Jagger da Keith Richards lamba su fara rubuta nasu. Abin da yake damun matashi shi ne in mutum ɗaya tak yake saurare dare da rana, to dole hannunsa ya riƙa faɗawa inda hannun wancan yake faɗawa. Faɗaɗa kunnenka, ka nemo waɗanda gwaninka ya saurara, ka koyi waƙoƙinsu da kunne ba da takarda ba, har waɗanda ba rok ba.

Amma abin da na fi so ka ji shi ne, salon mutum sau da yawa daga inda ya gaza yake fitowa, kuma ba ya iya ganinsa shi kaɗai a ɗaki. Tony Iommi, mai gitar ƙungiyar Black Sabbath, yana da shekara 17 inji ya datse masa kan yatsu biyu a wata masana'anta a Birmingham, kuma a hannun da yake danna tsirkiya ne. Ya yi wa yatsun marfi da roba, ya koma tsirkiya marar kauri, daga baya ya sassauta ɗaurinta don ya rage zafi, sai sautin ya ƙara nauyi da duhu, yau dubban masu gita masu lafiyayyun yatsu shi suke kwaikwayo. Ƙungiyar U2 kuma a 1976 ne mai gangarsu Larry Mullen, yana ɗan shekara 14, ya manna takarda a allon sanarwa na makarantarsu a Dublin yana neman abokan kiɗa, kuma su da kansu sun sha faɗa cewa ba su iya kaɗa waƙoƙin wasu da kyau ba shi ya sa suka koma rubuta nasu. Na ga irin haka da idona, akwai wani mawaƙi da muka yi aiki tare, kullum yana ƙure murya don ya kai inda gwaninsa yake kaiwa, jijiyar wuya duk a waje, ranar da mai bes ɗinmu, wato mai kaɗa gita mai kaurin sauti, ya ce a sauko da ki ɗin waƙar, wato tsayin sautinta, ƙasa kaɗan, wallahi sai muka ji wata murya mai kauri mai ɗan tsagewa wadda ba mu taɓa sanin yana da ita ba. Shi a wurinsa aibi ce yake ɓoyewa, mu da muke tsaye gefe mu muka ji cewa ita ce tasa.

Shi ya sa nake ce maka ka amsa wa abokanka. Kuma kar ka kai musu waƙa gamammiya wadda ka riga ka tsara wa kowa abin da zai kaɗa, kai musu rabi, baiti ɗaya da amshi da kod uku ko huɗu, wato sautukan da ake kaɗawa a haɗe, ka bar gurbi. Mai ganga zai iya rage mata gudu sai kalmomin su sami wurin numfashi, mai bes zai iya tsayawa kan sauti ɗaya yayin da kai kake canza kod sai ka ji waƙar ta ɗaure ta yi nauyi, wani zai ce a cire gita gaba ɗaya a baiti na biyu. Duk wannan ba zai zo maka kai kaɗai ba, kuma a nan ne kamar da take yi da waƙar gwaninka take wankewa, saboda gwanin naka bai taɓa zama da waɗannan mutum ukun ba. Tabbas zai yi zafi ranar da za su ce layin da ka fi so ba ya aiki, na san zafin nan. Dokar da ta taimake mu ita ce duk shawarar da wani ya kawo sai an kaɗa ta sau ɗaya kafin a ce a'a, ba a kashe ta da baki. Rabin gardamar da ake yi a wurin rihazal, wato gwajin kiɗa, tana mutuwa da zarar an kaɗa abin kowa ya ji da kunnensa.

Ku riƙa ajiye waya a tsakiyar ɗaki tana naɗa, kada ku saurara a ranar, sai washegari.

Batun baitoci kuwa, inda matasa suka fi ɓoyewa kenan. Za ka ga waƙa cike da duhu da wuta da zuciya ta karye, kalmomin da suke cikin waƙa dubu, saboda in ka rubuta haka babu wanda zai gane abin da ya same ka. Ni gwajin da nake yi shi ne, in layi bai sa na ɗan ji nauyin rera shi gaban abokaina ba, yawanci ban faɗi komai ba tukuna. Rubuta abin da aka faɗa maka daidai yadda aka faɗa, saƙon da ka rubuta ka goge ba ka tura ba, abin da ke kan tebur lokacin da kuka yi faɗan. Kuma ba dole kalmomi su riga zuwa ba, da yawanmu muna fara rera sautuka marasa ma'ana a kan kiɗan, sai mu saurari inda baki yake son buɗewa da inda yake son tsayawa, sannan mu nemo kalmomin da suka zauna a wurin. Sannan ka riƙa gama waƙa ko da ba ta burge ka ba. Mai farkon waƙa hamsin a waya bai koyi abin da mai gamammu goma ya koya ba, domin baiti na biyu da yadda za a rufe waƙa su ne wurin da ake koyon aikin.

Wajen zaɓen abokan tafiya, ni kam na fi son wanda yake zuwa a kan lokaci yana sauraron sauran a kan gwanin da ba ya jin kowa sai kansa. Kuma ku lura da mai shirun cikinku, wataƙila yana da waƙoƙi a aljihu. George Harrison, mai gitar Beatles, waƙa ɗaya ko biyu ake ba shi a yawancin faifan Beatles, da suka rabu a 1970 sai ga shi ya fito da kundi mai faifai uku.

Maganar sunan wanda ya rubuta waƙa ku yi ta tun yanzu da babu ko sisi, don ita take raba ƙungiyoyi fiye da saɓanin kiɗa. Ƙungiyar R.E.M. sunan dukkansu huɗu suka riƙa sa wa waƙoƙinsu ko wa ya kawo, wasu kuma suna ware mai baiti da masu kiɗa, kowanne yana yiwuwa in dai an yarda an rubuta a takarda. Ni ra'ayina, in mai ganga ya canza yadda waƙarka take tafiya to ya yi rubutu shi ma, a sa sunansa.

In kun haɗa waƙa huɗu ko biyar ku nemi inda za ku kaɗa gaban mutane, ko goma ne, za ka ga daidai wurin da hankalinsu yake tafiya kan waya, sai ku koma ku gyara wurin. A zamanku na farko ka zaɓi waƙar da ka fi jin kunyar nunawa, ka faɗa musu tun farko cewa ba ta gama ba kuma kana son hannunsu a ciki, ka rage ƙarar gitarka yadda za su ji kalmomin, sannan ka rera ta har ƙarshe ba tare da tsayawa ba da haƙuri a tsakiya ba.