Kana riƙe wa Bature lissafi, shagonka ba shi da kaye

Wani ɗan kasuwa mai sayar da kayan salula a Kasuwar Dole ya aiko mini da tambaya. Ya ce watanni takwas ke nan yana yi wa wani ƙaramin kamfani na Faransa aikin shigar da lissafi ta intanet, ana biyan sa yuro 600 a wata, amma ɗaukewar kuran da raunin layi a Damagaram suna neman raba shi da aikin. Yana so ya koma Lome da zama, ya ci gaba da aikinsa daga can, ya bar wa ƙanensa shagon. Ya rufe da cewa: "Uwa ɗaya uba ɗaya muke, ba sai mun yi rubutu ba."

Alhaji, ba zan hana ka tafiya ba, domin dabarar tana da amfani. Sefa ɗaya ake kashewa a Lome da Damagaram, kuma an ɗaure ta da yuro a kan kusan sefa 656 kowace yuro ɗaya, saboda haka albashinka ya kai kimanin jaka 393 duk wata, ba tare da fargabar faɗuwar kuɗi irin wadda maƙwabtanmu masu naira suke sha ba. Agogon Lome yana bayan namu da awa ɗaya kawai, kuma garin yana da tashar jirgin ruwa da kayan Nijar da dama ke bi tun bayan rufe iyakar Benin a 2023, wanda ke nufin za ka iya sayo wa shagonka haja da idonka. Sai dai ka sani cewa masu gidajen haya a biranen bakin teku suna neman kuɗin watanni da yawa a dunƙule, kuma tuwon da kake ci kyauta a gidanku can saye ne. Wannan duk lissafi ne da za ka iya yi da kanka.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne jimlarka ta ƙarshe. Kai ne mutumin da ke zama da dare yana daidaita wa wani baƙo da bai taɓa gani ba shigen kuɗinsa da fitarsu, amma shagon da ya ciyar da kai tun kafin ka san kwamfuta za ka miƙa shi babu ƙidaya, babu shaida. Aikin intanet ba shi da saiwa. Wanda ya ɗauke ka da saƙo ɗaya yana iya sallamar ka da saƙo ɗaya, ballantana tun da ba ka ambaci wata takardar yarjejeniya tsakaninku ba. Ranar da hakan ta faru, shagon nan ne kaɗai wurin komawarka, kuma shi ne kake shirin bari a hannun sa'a.

Na san wani mai sayar da atamfa a unguwar Zango da ya yi irin wannan tafiya, ya bar wa ɗan yayarsa haja ta wajen miliyan huɗu. Yaron ba ɓarawo ba ne, kuma wannan ne abin da mutane ba sa ganewa. Gwaggo ta zo ta ɗauki turmi biyu na biki za ta biya bayan salla, kawu ya karɓi jaka hamsin na asibiti, abokai suka ɗauki bashi da baki, shi kuma yana cire kuɗin cefane da na man babur daga aljihun tebur yana ɗaukar cewa daga riba ne. Da maigidan ya dawo bayan shekara ɗaya da rabi, ya tarar da kantoci sun yi fili, turame ƙalilan an baje su don su rufe katako. Ya tambayi inda kuɗin suka shiga, babu mai iya faɗa, domin ko shi kansa bai san adadin abin da ya bari ba. Maganar ta kai gaban dattawa, aka ce a yi haƙuri don zumunci, kuma har yau gidajen biyu ba sa gaisawa yadda suka saba.

Saboda haka kafin ka nemi tikiti, ka rufe shagon kwana biyu ku ƙirga komai, daga caja har murfin waya, a rubuta da farashin saye, a gaban shaidu biyu da ba danginku ba. Ka yanka wa ƙanenka albashi ko kaso sananne daga riba, domin wanda ba a yanka wa haƙƙi ba da hannunsa yake yankar wa kansa. Ka hana bashi sai da izininka, kuma ka faɗa wa ƴan'uwa da bakinka, don kada a bar yaro da kunyar hana manya. Kowace yamma ya ɗauki hoton shafin kaye, wato littafin lissafin shago, ya turo maka ta WhatsApp, kowane mako a zuba cinikin a asusun da ke ɗauke da sunanka kai kaɗai.

Sannan ka gwada tsarin tun kana nan. Ka yi wata uku kana aikinka daga gida ba ka leƙa kasuwa, kamar ka riga ka tafi, ka sake ƙidaya a ƙarshe. Idan lissafi ya ɓace alhali kana nesa da shagon da tafiyar minti goma a kan kabu-kabu, ka san abin da zai faru idan kana Lome. A cikin waɗannan watanni ukun ne kuma za ka nemi kamfanin ya rubuta maka yarjejeniya mai bayyana albashi da wa'adin sanarwa kafin sallama, ka kuma tara guzurin wata shida wanda ba daga jarin shago ya fito ba.