Amsa kan allolin Aztek da yankan mutane

Malam, ka tambaya ko mutanen Aztek, masu tsohuwar daula a ƙasar Meziko, sun ɗauki allolinsu a matsayin mugaye, tunda har ɗan Adam suke yanka musu. Ni ma da wannan zato na shiga gidan tarihin Templo Mayor, babban ɗakin bautarsu, a birnin Meziko, shekarar da aiki ya kai ni can, kuma ban fito da shi ba.

Su a wajensu bashi ne. Ɗaya daga kalmomin da suke kiran hadayar a yarensu na Nahuatl, nextlahualli, ma'anarta biyan bashi. A labarinsu allolin ne suka fara zubar da nasu jinin. Nanahuatzin, wani abin bauta matalauci mai gyambo a jiki, ya faɗa wuta a tsohon birnin Teotihuacan ya zama rana. Wani abin bautar kuma, Quetzalcoatl, ya ɗiga jininsa a kan ƙasusuwa aka samu mutane. To wanda ya ci ladan kuturu ai shi zai yi masa aski. Sarakuna da 'yan tsafin kansu sukan huda kunne da ƙwauri da ƙaya, su ba da nasu kason.

Kada ka ce wanke su nake. A 2015 masu tonon tarihi sun gano hasumiyar ƙoƙon kawunan mutane a bayan babban cocin birnin, an manne su da farar ƙasa, kuma an ƙirga sama da 600, har da na mata da yara. Yaran da ake miƙa wa Tlaloc, abin bautar ruwan sama, kukansu ma alamar damina mai albarka ce a wajensu. Wannan kam ya hana ni cin abinci ranar.

Akwai mulki a ciki. Mafi yawan waɗanda ake yankawa kamammun yaƙi ne, har sarakunan abokan gaba akan gayyato su zo su gani, don su shiga taitayinsu. Ba banza ba mutanen Tlaxcala, abokan gabar Aztek, suka mara wa Cortés, jagoran mamayar Sifaniyawa, baya har Tenochtitlan, babban birnin Aztek, ta faɗi a 1521.

Sai dai ka yi hattara da alƙaluman Sifaniyawa, don suna da buƙatar halatta mamayarsu. Fada Diego Durán ya rubuta cewa an yanka mutum 80,400 cikin kwana huɗu a bikin buɗe ɗakin bautar Templo Mayor a 1487, zamanin sarki Ahuitzotl. Na zauna na buga lissafi a waya: kusan mutum 14 kenan kowane minti, ba dare ba rana, da wuƙar dutse.