Tambaya da Amsa: Ɗana ya jera tukwanen kabari a aikinsa na jami'a

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗana yana karatun zane da sassaƙa a Samaru. Aikinsa na kammalawa fasassun tukwane ne, ya jera su kamar yadda ake rufe kabari, ruwa na ɗiga a kansu har lakar da ke ƙasa tana narkewa. Wai magana yake kan sauyin yanayi. Raina bai kwanta ba. Wannan ba wasa da mutuwa ba ne?
Wata uwa, Ƙofar Doka, Zariya

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya. Ni kam ban ga wasa a nan ba.

Ku mata ba kasafai kuke shiga maƙabarta ba, shi kuwa yana rakiyar gawa, ya ga yadda ake yi: a haƙa uwa, wato babban ramin, a haƙa 'ya, wato ƙaramin da ke cikinsa, a kwantar da mamaci, a jera tukwane ko itace, a toshe kafofi da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, sannan a tura busasshiya. Kakanninmu sun tsara wannan ne da daminar da suka san halinta. Yanzu sai ruwa ya ɗauke har masara ta yi yaushi, sannan ya zubo kamar da bakin ƙwarya cikin dare ɗaya. Gari na wayewa ka tarar kaburbura sun rufta, samarin unguwa da shebur da baro suna ta ciko. Abin nan yana ci mini rai ƙwarai. A Satumbar 2024 da madatsar Alau ta ɓalle, ruwan da ya mamaye Maiduguri har maƙabartu ya shiga.

Ki dubi kuma Durɓi ta Kusheyi, wurin tsofaffin tuddan kaburbura a ƙasar Katsina. Da aka tona tuddan a 1907, aka sake a 1992, an samu manyan mutanen da aka binne da kayan adonsu, ƙasa ta riƙe su ɗaruruwan shekaru. Tambayar ɗanki ke nan: shin za ta riƙe namu?

Ba baƙon abu ya ɗauko ba. Tun 1958 su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyar ɗalibai masu zane a nan Zariya, suka dage kan a gina fasahar zamani da kayan gida.

Sharaɗina ɗaya ne, kuma ba na sassauci a kansa: tukwanen su fito daga hannun magina, kada a taɓa ko tsinke daga maƙabarta. Ki tambaye shi inda ya samo su. Ranar baje kolin kuma ki sa ya kai ki, ya yi miki bayani da bakinsa.