Amsa ga Hajiya a kan mawaƙiya Pretty Yende

Assalamu alaikum. Hajiya, kin tambayi ko wace ce 'yar Afirkan da ta rera waƙa a bikin naɗin Sarki Charles na Ingila a watan Mayun 2023, kuma ko sa'a ce ko hanya ta kai ta wurin, tunda 'yarki ta ƙwallafa rai a kan waƙar opera, wato wasan kwaikwayon dandali da ake yi da waƙa da kiɗa. Sunanta Pretty Yende, 'yar Afirka ta Kudu ce, kuma na taɓa jin ta da kunnena.

A 2019, lokacin ina zaune a Faransa, na shiga zauren Palais Garnier da ke Paris, inda ta fito a matsayin Violetta, jarumar wasan opera mai suna La traviata na Verdi, marubucin kiɗan Italiya. Kujerata tana can ƙololuwar bene, wurin masu ƙaramin ƙarfi. Babu makirufo a gabanta, ga makaɗa da mabusa cike da ramin da ke gaban dandali, amma ko da ta sassauta murya kamar mai raɗa, sautin yana isowa inda nake tar, har tsigar jikina ta tashi. A daren na gane cewa irin wannan murya, kome baiwar mai ita, sai an yi shekaru ana horar da numfashi kafin ta samu.

An haife ta a 1985 a ƙaramin garin Piet Retief, ta kuma fara waƙa a coci. Tana da shekara 16 ta ji wasu mata biyu suna rera opera a tallar kamfanin jiragen British Airways a talabijin, daga nan ta sa kanta koyo, ta yi karatun waƙa a Jami'ar Cape Town. A 2009 ta lashe gasar Belvedere a Vienna, ta shiga makarantar horar da mawaƙa ta La Scala a Milan, inda dole ta laƙanci Italiyanci, sannan ta zo ta ɗaya a gasar Operalia a 2011.

Inda za a ce sa'a ta shigo shi ne farkon 2013, da aka kira ta cikin ƙurarren lokaci ta maye gurbin wata mawaƙiya a gidan opera na Metropolitan Opera da ke New York, a wasan Le comte Ory. A daren farko ta yi tuntuɓe ta faɗi a gaban jama'a, ta tashi ta rera nata har ƙarshe, zauren ya ɗauki tafi. Ni ban kira wannan sa'a ba, domin shekara goma sha biyu ke tsakanin tallar nan da wannan dare.

Don haka, Hajiya, ki nema wa yarinyar malamin da ya san aikin numfashi, wanda ba zai matsa wa muryarta da manyan waƙoƙi tun tana ɗanya ba, saboda maƙogwaron da aka wahalar da wuri yana da wuyar gyaruwa. Ta koyi karanta rubutun kiɗa, ta kuma fara Italiyanci tun yanzu, ko da rabin awa ne kullum.