Tsimin ganye bai hana bakteriya tsira ba: abin dubawa kafin sauya take

Ƙanwata, kin ce kin zuba tsimin ganye a ramukan aga (daskararren abincin da ake rainon bakteriya a kai cikin faranti), gari ya waye ba da'ira ko ɗaya da ke nuna bakteriya sun kasa tsirowa kewaye da ramin, har kina tunanin sauya taken furojet ɗinki. Dakata tukuna. Ba a yanke wa ganye hukunci sai an tabbatar shi kansa gwajin lafiya lau yake.

A kowane faranti ki ware rami biyu: ɗaya na sanannen magani, kamar ciprofloxacin, ɗaya kuma na sinadarin narkarwa DMSO zalla, ko duk abin da kika narkar da tsimin a ciki. Idan maganin ma bai ba da da'ira ba, ganyenki ba shi da laifi.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne yawan ƙwayoyin bakteriya. Ɗalibai kan kwaso su da kauri su shafe faranti, sai su rinjayi tsimin. Ki ɗebo daga waɗanda suka yi awa 18 zuwa 24 ana rainonsu, ki dama a ruwan gishiri mai tsabta har gurɓacewarsa ta zo daidai da ma'aunin McFarland 0.5 (ruwan da ake kwatanta yawan ƙwayoyi da shi), ki shafa cikin minti 15. Agar Mueller-Hinton za ki yi amfani da ita, mililita 25 a faranti mai faɗin milimita 90, kaurinta ya kai milimita 4. In ta fi haka kauri, da'irar ƙanƙancewa take yi. Bayan kin cika ramukan, ki bar farantin kamar awa ɗaya tsimin ya ratsa, sannan ki kai shi ɗumin digiri 37.

Agar da kayan aiki su ake dafawa a otokilef (tukunyar kashe ƙwayoyin cuta da tururi), digiri 121 na minti 15. Tsimin kuwa kada ya shiga, zafi na iya lalata sinadaransa. Tace shi ake yi da mataci mai ƙofofin maikuromita 0.22. Ganyen ma a inuwa ake shanya shi.

Wani abu kuma, wanda ba kasafai ake gaya wa ɗalibai ba: sinadarin da ba ya narkewa a ruwa da ƙyar yake ratsa aga, ko da yana da ƙarfi. Shi ya sa ake sake gwadawa a ruwan rainon ƙwayoyi, ana rage ƙarfin tsimin rabi-rabi.

Ki maimaita sau uku, a ranaku daban-daban. In maganin ya yi aiki, tsimin bai yi ba, wannan shi ne sakamakonki. Ki rubuta shi yadda ya fito, ki kai wa malamin da ke duba aikinki tare da hotunan farantan.