Tambaya da Amsa: Wai sarkin Ingila ne yake mulkin Turawan da suka fara zama a Amurka?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a Zariya, malaminmu na tarihi ya ce lokacin da Turawan Ingila suka fara kafa garuruwa a Amurka ba sarkinsu ne yake mulkinsu kai tsaye ba. To wa yake mulkinsu kenan, kuma yaushe sarki ya karɓe?

AMSA: Wa'alaikumussalam ƙanwata, malaminku gaskiya ya faɗa. Sarki James na ɗaya bai zuba dukiyarsa ba, takarda kawai ya sa wa hannu a 1606 ya ba wasu 'yan kasuwar Landan, wato Kamfanin Bajiniya, ya ce su je su kafa gari, in sun samu zinariya ko azurfa kashi ɗaya cikin biyar nasa ne, in asara ce kuma tasu ce su kaɗai. Ƙasar da yake rabawa ɗin nan fa ba tasa ba ce, tana da mutanenta, kuma ba wanda ya tambaye su, wannan shi ne abin da yake min ciwo duk lokacin da na karanta.

A 1607 suka kafa Jamestown, zinariya babu, yunwa da cuta suka yi ta kashe su har sai da noman taba ya ɗan tsayar da garin. A 1619 kamfanin ya bari mazauna suka zaɓi majalisarsu. Sai a 1622 'yan ƙabilar Powhatan da aka matsa wa a kan gonakinsu suka far musu, suka kashe mutum 347 a rana ɗaya, ga kamfanin ya tsiyace ga rigima tsakanin masu hannun jari, shi ne a 1624 aka soke takardar, Bajiniya ta koma hannun sarki, shi yake naɗa gwamna.

Wasu wuraren kuma kyauta aka yi wa mutum ɗaya. Maryland a 1632 Lord Baltimore aka ba wa, kin san abin da zai riƙa kai wa sarki duk shekara? Kibiyoyi biyu na mutanen ƙasar, a fadar Windsor. William Penn ma a 1681 ya samu Pennsylvania, saboda bashin fam 16,000 da mahaifinsa yake bin sarki.

Masu taurin kai su ne 'yan Massachusetts, domin a 1630 sun ɗauke takardar izinin da sarki ya ba su sun tsallaka teku da ita, suna zaɓen gwamnansu, har kuɗinsu suka buga, dokar da ta ce taba da sukari Ingila kaɗai za a kai kuwa ko a jikinsu. A 1684 aka soke takardar, daga baya aka turo musu gwamna Edmund Andros ya haɗa su da yankunan maƙwabta a ƙarƙashinsa ba zaɓaɓɓiyar majalisa yana aza haraji yadda ya ga dama, amma da labari ya iso a 1689 cewa an tumɓuke Sarki James na biyu, mutanen Boston, babban garin Massachusetts, suka kama Andros suka kulle. Ko bayan sarki ya fara naɗa musu gwamna a sabuwar takardar 1691, majalisa ce take yanka masa albashi, wanda tuwonsa yake hannun mutane kuwa dole ya lallaɓa su.

In kin lura mu ma haka aka yi mana. Kamfanin Neja na George Goldie ya samu takardarsa a 1886, daga baya gwamnati ta karɓe, ranar 1 ga Janairu 1900 Lugga ya sauke tutar kamfanin a Lakwaja ya ɗaga ta Ingila.